Alƙali ya yanke, uban yara ya yi biris: maganar raina kotu a shari'ar aure da riƙon yara

Ranar da alƙali ya yanke wa tsohon mijin ƙanwata dubu 25 duk wata na cin yara uku, banda kuɗin makaranta da na magani, har guɗa aka yi a gidanmu, Inna ta ce a dafa shinkafa da wake a ba almajirai sadaka tunda Allah ya kawo ƙarshen wahala. Wata na farko ya turo 25 ɗin cif. Wata na biyu 15 ne suka shigo da ɗan saƙo wai a yi haƙuri gari ya yi zafi, wata na uku shiru, na huɗu kuma in ta kira ba ya shiga alhali ni in na kira da layina ras yake shiga. Takardar hukuncin tana nan a leda ƙarƙashin katifa tare da takardun haihuwar yaran, ga hatimi ga sa hannu, amma mai shagon bakin layi ba ya auna mudun masara da ita. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Daga nan kowa ya zama lauya, maƙwabta da dangi da abokan aikina bakinsu ɗaya, ai ya raina kotu, ku koma ku sa a kulle shi kawai. Ni ma haka na zata, yau mu je gobe a ɗaure shi. Kusan shekara na yi ina raka ta muna zaman benci, ina damun wani abokina lauya da tambaya har ya fara gudun wayata, kuma abin da na gane shi ne duk kai da kawon nan amsar tambaya ɗaya alƙali ke nema, mutumin nan ƙi ya yi, ko kasawa ya yi?

Raina kotu dai iri biyu ne, mutane na cakuɗa su. Akwai wanda ake yi a kan idon alƙali, zagi, ihu, kai wa abokin shari'a mari, zare wa mai ba da shaida ido. A shari'ar aure wannan ba ya wuya, don mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya shekara goma kowa ya san inda zai taɓa ɗan uwansa ya yi tsalle. Na ga wata dattijuwa, uwar miji ce, matar ɗanta na cikin bayani ta miƙe ta ce ƙarya take yi Allah ya isa, alƙali ya ɗago ya ce Hajiya zauna, ta sake miƙewa, ya ce Hajiya in kika ƙara ɗan sandan nan zai fita da ke kuma ba gida zai kai ki ba. Tsit kake ji. Irin wannan alƙali na iya hukunta shi a take tunda ba ya buƙatar shaida, shi ya gani, amma ko a nan ma sai ya faɗa wa mutum abin da ya yi ya ba shi dama ya yi magana. Tsohuwar dokar Pinal Kod ta Arewa ta sa ɗaurin da ya kai wata shida ga wanda ya ci mutuncin mai shari'a ko ya katse zama da gangan. Kuma ba talaka kaɗai ba ne, a watan Yulin 2022 babbar jojin jihar Akwa Ibom ta aika lauya Inibehe Effiong gidan yari na wata ɗaya daga cikin zauren kotu, ƙasar nan ta yi ta surutu a kai.

Iri na biyu shi ne namu, wanda ake yi a waje. Kotu ta ce ka ba da kuɗin ciyarwa ka ƙi, ta ce ki bar uba ya ga 'ya'yansa kin ƙi, ta ce a mayar mata da kayan ɗakinta an sa kwaɗo an rufe, ta ce kada a taɓa gidan gado sai an gama shari'a an wayi gari dillali na zagayawa da masu saye. Nan alƙali bai ga komai ba, labari aka kawo masa, labari kuma sai da hujja. Kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 35 ya yarda a tauye 'yancin mutum a tsare shi in ya ƙi bin umarnin kotu, wannan gaskiya ne, amma sashe na 36 da ke biye da shi ya ce ba a hukunta kowa sai an ji ta bakinsa. Masu cewa a kulle shi kawai na farkon suka ji labari.

Sai kuma maganar wace kotu, don a Kaduna ba ƙofa ɗaya ba ce. Bayan rikicin shari'a na 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta sake fasalin kotunan jiha a 2001, aka ɗauke kotunan eriya aka kafa kotunan shari'a da kotunan gargajiya. In aurenku na Musulunci ne to kotun shari'a za ku, irin su Magajin Gari ko Rigasa ko Tudun Wada, in ba ku gamsu ba ku yi sama har kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a wadda sashe na 277 ya ba hurumin aure da saki da riƙon yara da gado. In na gargajiya ne kotun gargajiya. In kuma auren rajista ne to Babbar Kotu, ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, dokar da ita kanta ta fitar da auren Musulunci da na gargajiya daga cikinta, shi ya sa in wani ya karanto maka sashenta a intanet ya ce ka je da shi gaban alƙalin shari'a ka san bai san dawan garin ba. A 2018 jihar ta ƙara dokoki biyu, ta kare yara da ta hana cin zarafi, kuma a irin ta biyun ne ake samun odar kariya, wato a hana mutum kusantar wadda yake cutarwa, a ta tarayya ta 2015 karya wannan oda laifi ne mai zaman kansa. Abin riƙewa dai kotun da ta ba da umarni ita ake koma wa. Mu da farko caji ofis muka nufa da takardarmu, aka duba aka ce wannan ba tamu ba ce ku koma inda aka ba ku, na fito ina ta masifa, daga baya na gane suna da gaskiya, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba. Sai kotu ta ba da waranti sannan su shigo.

A Babbar Kotu hanyar tana da tsauri fiye da yadda ake zato, kuma nan ne mafi yawan ƙararrakin raina kotu ke mutuwa tun ba a kai ga gundarin maganar ba. Akwai wata tsohuwar doka ta tarayya tun ta zamanin Turawa, lauyoyi na ce mata dokar Sherif, ita ta tsara yadda ake aiwatar da hukunci. Sashe na 72 nata ya ce wanda ya ƙi bin umarnin da ba na biyan kuɗi ba kotu na iya tsare shi har sai ya bi. Amma kafin nan sai an kai masa Fom 48, wato kofin umarnin da gargaɗi a jikinsa cewa in ka ƙi bi gidan yari za ka, sannan in ya ci gaba da kunnen uwar shegu, bayan aƙalla kwana biyu cikakku, a kai masa Fom 49 wanda ke cewa zo ka faɗi dalilin da zai hana a ɗaure ka. Kuma hannu da hannu ake so, ba a ba yaron shagonsa ba, ba a ba amaryarsa ba, ba a tura ƙarƙashin ƙofa ba, sai dai in kotu da kanta ta ba da izinin a bi wata hanya bayan an nuna mata mutumin wasan ɓuya yake yi. Abokina lauya ya ce in shi ke kare wanda ake ƙara, kafin ya tambaye shi ko ya bi umarnin ko bai bi ba, fayil yake fara buɗewa ya duba takardar rantsuwar ma'aikacin da ya kai sammaci, wa ya ba, yaushe, a ina. In ya ga gurbi a nan shikenan an gama, sai mai ƙara ta koma farko, wata uku ko huɗu sun tafi a banza ga kuɗin mota ga na lauya. Na ce masa Barista wannan ai zalunci ne, mutum ya san da umarnin, a gabansa aka karanta. Ya ce to in kai ne za a rufe fa, za ka so a tsallake mataki ɗaya? Ban ba shi amsa ba.

Ka lura sashen nan cewa ya yi umarnin da ba na kuɗi ba. Kuɗi hanyarsu daban, ko a kama kadarar mutum a yi gwanjonta, ko kotu ta umarci bankinsa ya fitar da abin da ke asusunsa, ko a yi masa sammacin mai bashi a titsiye shi a kan samunsa da kashewarsa. A auren rajista dokar 1970 ta ba da damar a tsare wanda ya ƙi biyan ciyarwa ko ya ƙi bin umarnin riƙon yara da ganinsu, ta kuma ba da damar a riƙa cirewa daga albashinsa tun kafin ya taɓa hannunsa. Wani abin da ya ba ni mamaki a cikinta, in kotu ta ce wance ki koma ɗakin mijinki ta ƙi, ba a ɗaure ta a kan wannan, doka ta san ba a yin zaman aure da ankwa.

Kotun shari'a ba ta da wannan dogon turanci, tana da nata ƙa'idojin. Ka koma wurin rajistara ka ce hukuncin da aka yi ba a bi ba, a sake yi masa sammaci, in ya ƙi zuwa a ba da waranti a kawo shi. Ya fi sauri, ya fi arha, ba dole sai da lauya ba, kuma da Hausa ake yi kowa na ji. Amma tambayar ita ce dai, kuma malaman fikihu sun riga dokar Turawa yin ta da ɗaruruwan shekaru. Hadisi ya ce jinkirin mai hali wajen biyan haƙƙi zalunci ne, wani kuma ya ce taurin bashin wanda yake da shi yana halatta a faɗi aibinsa a kuma hukunta shi, daga nan malamai suka ciro tsare mai taurin bashi. A ɗaya gefen kuma aya ta 280 a Baƙara ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu, aya ta 7 a Suratu Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Shi ya sa a Malikiyya wanda aka san yana da shi ya ɓoye ana tsare shi har ya fito da shi, wanda ba a san halinsa ba ana iya riƙe shi a bincika, wanda kuma ya kawo shaidun babu ya rantse ba shi da dukiya a sarari ko a ɓoye sakinsa ake yi. Wani abin da mata da yawa ba su sani ba, ciyarwar 'ya'ya ta baya a Malikiyya tana faɗuwa in lokaci ya wuce, sai in alƙali ya riga ya yanke ta ko wanda ya ciyar bai yi da niyyar kyauta ba. To mai zama shekara uku tana haƙuri tana cewa kada a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, ta sani haƙurin nan yana da tsada.

Yanzu in ke ce mai ƙara, me za ki riƙe a hannu? Tunda abin na iya kai mutum gidan yari, hujjar da ake nema irin ta shari'ar laifi ce, wadda ba ta bar wa alƙali kokwanto ba. Kuma matsala ta farko sau da yawa a jikin umarnin kanta take. In takarda ta ce "ya riƙa kula da 'ya'yansa", to ya kawo buhun omo da taliya leda biyu ranar sallah ya ce ya kula, wa zai ce ƙarya yake? In ta ce "ta bar shi ya riƙa ganin yaransa", yaushe, a ina, zai tafi da su ne ko a zaure zai tsaya, kwana za su yi? Ba a ɗaure mutum a kan umarnin da za a iya yi wa fassara biyu. Don haka tun ranar hukunci, kafin alƙali ya rufe littafi, a roƙe shi ya fayyace, dubu kaza, kafin ranar kaza ga wata, ta asusun kaza ko ta hannun rajistara, kuɗin makaranta a biya makaranta kai tsaye a kawo risit, ganin yara Asabar ta farko da ta uku daga hantsi zuwa la'asar a gidan kakarsu. Mutane na jin nauyin yin wannan, ana ganin kamar ƙwaƙwa ce, wallahi ita ce ke ceton ka daga baya. Sannan rubutu. Ƙanwata, Allah ya yi mata albarka, ashe tun farko ta sayi littafi ɗan 40 tana rubuta duk abin da ya shigo da kwanan wata, ni har dariya na yi mata, wannan littafin da takardar banki mai nuna shige da fice su suka tsaya mana. Saƙonnin waya ma ana karɓa, sai dai a Babbar Kotu sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 na neman a haɗa da takardar da ke bayanin na'urar da aka ciro su, abin da ba ya ɗaure kotun shari'a a irin wannan ƙara.

Ranar da aka kawo tsohon mijin ƙanwata ya sha farar shadda, ya ce Allah gafarta Malam kasuwa ce ta mutu, shago ba ciniki, ga haya ga wuta ga tsofaffi, ni ba ƙi na yi ba. Har na fara jin tausayinsa don maganar gaskiya gari ya yi zafi. Sai ƙanwata ta ce Allah gafarta Malam a tambaye shi akwati nawa ya kai lefe watan jiya. Ta miƙa waya, ga hotuna nan danginsa sun sa a WhatsApp, akwatuna shida an jera an buɗe ana ɗaga atamfa. Alƙali bai ɗaga murya ba, ya juya wayar ya ce Malam wannan naka ne? Ya ce eh. Ya ce bashi ka ci ko kyauta aka ba ka? Ya yi shiru. Ya ce aure sunna ne ba wanda ya hana ka, amma cin yaran nan wajibi ne, kai ka san wanda ke gaba. Daga nan maganar babu ta mutu. Ba wai don ya yi aure ba, don ya nuna da hannunsa cewa yana da inda yake samo kuɗi in abin ya dame shi.

To amma fa na ga ɗaya fuskar, kuma ita ce ta sa na daina saurin cewa a kulle. Wani bawan Allah muka zauna benci ɗaya, ɗan sanda na gefensa, direban keke ne, mai keken ya karɓe kayansa don balas ya gagara, ga shi ya yi jinyar mahaifiyarsa wata biyu har ta rasu. An yanke masa dubu 15 ya biya wata biyar ya tsaya. Sammaci ya zo sau biyu bai je ba, na ce don me, ya ce Yallaɓai in je in ce me, kunya nake ji, ba ni da ko sisi. Kaga wannan ba rashin biya ne ya jawo masa waranti ba, rashin zuwa ne. Da ya zo tun watan farko ya ce Allah gafarta Malam ga halin da nake ciki, ga mai keken a tambaye shi, ga katin asibiti, a rage min ko a ɗaga min ƙafa, da wuya alƙali ya rufe shi. Umarnin ciyarwa ba aya ba ce, ana ragewa ana ƙarawa in hali ya canza, amma kotu ce ke canzawa ba kai ba. Wanda aka yanke wa kuɗi kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai ya san samunsa da kashewarsa ba ɗaya ba ne da na yau, ita ma uwar yara ta san abin da dubu 15 ke saye a da ba ya sayuwa yanzu, dukansu suna da damar komawa su ce a sake dubawa.

Wanda ake tuhuma da raina kotu yana da abin faɗa da yawa in ya san su. Ba a kawo min takarda ba, umarnin bai fito fili ba, na biya ga risit, na je ɗaukar yaran aka ce ba sa nan ga wanda ya raka ni, ba ni da hali ga dalili. Abin da ba ya cin kasuwa shi ne hukuncin bai yi min ba, ko ai na ɗaukaka ƙara. Ɗaukaka ƙara ba ta tsayar da hukunci, sai ka nemi a dakatar da aiwatarwa an kuma ba ka. Ko kana ganin alƙali ya yi kuskure ƙuru-ƙuru, umarnin na nan a kanka har ranar da wata kotu ta soke shi. Haka nan wanda ke biya da hannu ba shaida, ya tsaya a ƙofar gida ya ba babban yaro dubu 10 ya ce kai wa mamanka, wannan ranar da aka ce ina hujja zai gane kurensa. Ga masu cewa tunda ta hana ni ganin yara ni ma na daina biya, da masu cewa tunda ya daina biya ba zai ƙara ganinsu ba. Kowannensu gani yake ramuwa ce daidai wa daida, kotu kuwa umarni biyu take gani da mutum biyu da suka karya, cin yaro haƙƙin yaro ne, ganin ubansa ma haƙƙinsa ne, ba kayan musaya ba ne.

Don kada a ce maza kawai na sa a gaba, raina kotu ba shi da jinsi. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da reno, namiji har ya balaga mace har ta tare gidan miji, in uwar ta yi aure da bare ya koma hannun kakar yara ta wajen uwa kafin a gangaro, kuma da yawan maza ba sa son jin wannan, shi ya sa za ka ji an ɗauki yara hutun sallah an wuce da su ƙauye ba a dawo ba. Amma mata ma suna yi, kotu ta ba uba ranar gani, duk ranar da ya zo yaro ba shi da lafiya, ko sun tafi Islamiyya, ko an tashi daga Unguwar Sanusi an koma Rigachikun ba sallama. Akwai wata shari'a da aka yi a Ingila a 1952 wadda lauyoyinmu har yau suke kafa hujja da ita, ta Hadkinson, an ba uwa riƙon ɗanta da sharaɗin kada ta fitar da shi daga ƙasar sai da izini, ta yi sabon aure ta tafi da shi Ostireliya, aka ce ta dawo da shi ta ɗaukaka ƙara, kotu ta ce ba ma za mu saurare ki ba sai yaron ya dawo. Kotun ƙolinmu ta yi irin wannan wa gwamnatin soja ta Legas a 1986 a rikicinta da Ojukwu kan gidan Ikoyi, ba ka take umarnin kotu sannan ka zo neman alfarmarta. Tana iya jin ka in kare kanka kake daga tuhumar, ko kana cewa kotun can ba ta da hurumi tun farko, amma alfarma kam babu.

Nasan wani zai ce manya ma ba sa bi. Gaskiya ne a ƙarshen 2022 kotu ta ce a kai shugaban EFCC na lokacin Abdulrasheed Bawa gidan yarin Kuje, a Nuwamban shekarar kuma wata kotu ta yanke wa babban sufeton 'yan sanda Usman Alkali Baba wata uku, ba wanda ya kwana ciki, daga baya ma aka jingine hukunce-hukuncen. Ka je ka faɗa wa alƙali haka ka ga ko zai hana ka kwana a gidan gyaran hali.

Ni dai ra'ayina, bayan duk zaman bencin nan, ɗauri a shari'ar iyali bulala ce da ta fi amfani a rataye a bango. Ba don huce haushi aka yi shi ba, don a tanƙwara mai taurin kai ne, shi ya sa ranar da ya biya ko ya kawo yaran ya ba kotu haƙuri ranar ake buɗe masa ƙofa, kuma ko ya gama zaman bashin bai faɗi ba. Ga mai kuɗin da ke ɓoyewa kwana biyu sun isa, za ka ga 'yan uwa sun zo da kuɗi a leda kafin azahar. Ga wanda babu ce ta kama shi, ka rufe shi ka rufe hanyar tuwon yaran gaba ɗaya, ya fito ba aiki ba keke, ga ƙiyayya da za ta bi yaran har aurensu, a makaranta kuma a riƙa cewa uwarsu ce ta ɗaure ubansu. Ko Amurka sai da kotun ƙolinsu ta tsawata a 2011, a shari'ar wani Turner na jihar Karolina ta Kudu da aka ɗaure shekara guda kan bashin ciyarwa da bai kai dala dubu 6 ba, ba tare da alƙali ya tsaya ya tantance ko yana da halin biya ba. Wadda ba ta da kuɗin lauya akwai hukumar ba da agajin lauya kyauta ta tarayya, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, duk suna da ofis a garin nan. In mutumin ɗan albashi ne a nemi a riƙa cirewa daga tushe ya fi komai sauƙi, in ɗan kasuwa ne a nemi wanda zai tsaya masa, wanda yake jin kunyarsa.

Mu haka tamu ta ƙare. Alƙali ya ce a tsare shi har ya kawo rabin bashin, ba a kai ga sa shi a mota ba yayansa ya iso da gudu, dattijo ne mai mutunci, ya durƙusa ya ce Allah gafarta Malam a ba ni shi, ni zan tsaya. Ya juyo ya ce wa ƙanwata 'yata ki yi haƙuri, ban san abin ya kai haka ba. Na so ta ce a'a. Ta kalle ni ta ce Yaya uban 'ya'yana ne fa. Aka rubuta dubu 25 kafin 5 ga wata ta hannun yayan, da dubu 5 a kai har bashin ya ƙare, kuɗin makaranta kai tsaye, yara kuma su je wurinsa Asabar biyu a wata, aka karanta kowa ya sa hannu. Wata bakwai kenan yanzu. Na watan jiya sai 11 ga wata ya shigo, kuma 28 ne ba 30 ba, ta buɗe littafinta ɗan 40 ta rubuta saura 2.